Muryar da Ba Ta Dishewa

A layin da Kanaga take haya a unguwar Saligramam ta birnin Chennai, ba kowa ne ya san sunan da uwarta ta raɗa mata ba. Sornam suke kiranta, sunan matar nan ta wasan talabijin mai dogon zango da ake nunawa kullum bayan faɗuwar rana, wadda ta yi shekara da shekaru tana kuka a gidan surukanta ba ta gaji ba, masu kallo ma ba su gaji ba. Fuskar Sornam ta wata kyakkyawar yarinya ce da aka ɗauko daga arewacin ƙasar, wadda ba ta jin yaren Tamil ko na cefane. A gaban kyamara ƙirge take yi da yarensu, tana ɗaga gira tana zubar da hawaye. Maganar da ake ji tana fita daga bakin nan kuwa, da kukan, da shessheƙar, duk na Kanaga ne. Yarinyar tana jikin allunan talla tana sayar da zanen sari da gwal, Kanaga tana bin layin tankar ruwa da tulunta na roba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ita ba ta taɓa ɗaukar abin haka ba, cewa take fuska ai aron ta aka yi mata don kada a tare ta a kasuwa.

'Yar wani ƙauye ce kusa da Tirunelveli. Mahaifinta ɗan wasan dandali ne a bukukuwan gidan bauta, ya mutu bai bar musu komai ba sai akwatin kayan wasa da kyankyasan ciki. Tun tana ƙarama take kwaikwayon mutane, daga malamin makaranta har mai tallan kifi. Aure ne ya kawo ta birni, mijin direba ne a wani kamfanin fim. Wata rana ta kai masa abinci aka rasa wadda za ta yi ihun wata mata da aka fizge wa jaka a kasuwa, sai wani ya ce matar direba ta gwada. Ta yi ihun da har mai gadi ya shigo da sanda. Daga nan ta shiga sana'ar ɗora murya. Mijin ya rasu da wuri, ba su haihu ba, aikin ne ya zauna da ita.

Ta riƙe ƙa'idojin sana'ar nan da hannu biyu. Ba ta shiga ɗakin naɗar murya da sarin siliki, don makirfo yana jin motsinsa, sai na auduga wanda ya sha wanki ya yi laushi. A bakin ƙofa take tuɓe takalmi, ta zare awarwaronta ta zuba a murfin kwanon abincinta. Ba ta shiga da yunwa, don ciki ba shi da kunya, yana iya ƙugi ana tsakiyar makoki. Sababbin shiga leɓen 'yar wasa suke kallo. Ita kafaɗa take kallo da maƙogwaro, ta ga inda yarinyar za ta ja numfashi, ta ja tare da ita. Idan aka zo wurin kuka ba ta ƙaƙalo shi. Tana da nata a ajiye, na miji da na ɗakin da ba motsin yaro, sai ta ɗebo kaɗan ta ba Sornam.

Duk cikin masu kallon ƙasar nan, mutum ɗaya ce take yi wa aiki a zuciyarta, ita ma ba kallo take yi ba. Mahaifiyarta Alamelu tana can ƙauye a gidan ƙanin Kanaga, Sudalai, ciwon suga ya cinye mata ido. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to tsohuwa ba ta da idon ganin fuska, sai ta koma tambayar murya. Lokacin wasa yana yi za ta ja tabarma ta zauna a gefen talabijin, ta juya masa kunnenta na dama. Ba ruwanta da abin da surukai suke ƙulla wa Sornam, 'yarta take saurare. Ana gamawa ta sa Sudalai ya kira mata waya, ta ce mura ce ke damunta, ta tafasa masoro ta sha. Ko ta ce ran da aka naɗi wannan ba ta yi barci ba. Ko ta tambaye ta wa ya ɓata mata rai. Da wuya ta yi kuskure. Idan Kanaga ta musa, sai tsohuwar ta yi tsaki.

"A waya kowa lafiya lau yake cewa," in ji ta. "Amma a bakin Sornam ba ki iya yi mini ƙarya."

Kanaga takan yi mita a kan wannan sa ido, amma a ranta daɗinsa take ji. Mace ce mai zaman kaɗaici a ɗaki ɗaya, ga wata can nesa da ta san ran da ta kwana da ciwon kai ba tare da an faɗa mata ba.

Idan ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Bayan ruwan bara murya ta fara yi mata gardama, ta ɗauko magana sai ta tsinke a tsakiya. Likita ya leƙa ya ce wani tsiro ne a maƙogwaro, ba mai kisa ba ne, amma sai an yi aiki, bayan aikin kuma sai ta kama bakinta na 'yan watanni. Ta fito daga asibiti abu biyu na cin ta: wa zai riƙe mata Sornam, kuma yaya za a yi tsohuwa mai ciwon suga ta ji an sa wa 'yarta wuƙa a wuya.

Murugesan, injiniyan sauti, shi ya zo da mafita. Tare suka tsufa a situdiyon nan, shi a bayan gilashi ita a gaba. Ya zaunar da ita ya ce idan ta tafi, gobe-goben nan za a sa wata a kujerarta, kuma ta sani wanda ya zauna ba ya tashi. Ya yi mata bayanin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira: za a ɗura wa na'ura duk muryarta da aka naɗa tun farkon wasan, a rubuta mata magana, ita kuma ta faɗa da muryar Kanaga.

"Riƙon ƙwarya ne kawai, Akka," ya ce, don yaya yake kiranta ko da yake kusan sa'anni ne. "Ta ɗumama miki kujera, ki warke ki dawo."

"Za ta iya kuka?"

"Za ta koya. A wurinki za ta koya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce to a bari inji ya gwada kukan gidan surukai ya ji yadda ake ji. A faɗi gaskiya, Murugesan ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya ya yi. Ita ma da zuciya ɗaya ta yarda, ta kuma ja wa Sudalai kunne kada Amma, wato mahaifiyarsu, ta ji komai, idan ta nemi waya a ce mata aiki ya yi yawa.

Ran da na'ura ta fara aiki, Kanaga tana kwance a ɗakinta da bandeji a wuya, ba ta da ikon ko yin gyaran murya. Ba ta kunna nata talabijin ba, ba ta ma buƙata, don a layin nan idan lokaci ya yi kowane bango magana yake. Ta shirya jin abin dariya. Sai ta ji kanta. Ta ji yadda take jan ƙarshen kalma idan tana roƙo, ta ji 'yar sarƙewar nan da take yi kafin kuka, wadda Murugesan ya yi shekaru yana neman ya goge ya kasa. Ta riƙe waya tana jiran tsohuwa ta ɗaga hankalin gida tana tambaya wace ce wannan aka sa a bakin Sornam. Can sai ga saƙon Sudalai, ya ce Amma ta ce a gaya mata yau muryarta ras, mura ta sake ta. Kanaga ta ajiye wayar ta ce wa kanta dabara ta yi aiki, ai abin da ake so ke nan. Sai dai ba ta ji daɗin da ya kamata ta ji ba.

Murya ta dawo, amma ba wadda ta tafi ba. Ta yi ƙasa, ta yi kaushi, idan ta yi doguwar magana sai ta dishe. Duk da haka ta ɗaura sarinta na auduga ta tafi situdiyo, ta tuɓe takalmi, ta zare awarwaro, ta tsaya gaban makirfo. Ta yi ta maimaita magana guda, Murugesan yana bayan gilashi yana ta taɓe-taɓen maɓallai, ya ƙi ɗaga kai. Daga baya wani matashi daga ofis ya shigo da ladabi ya taɓa ƙafarta yadda ake gaida manya, ya ce masu kallo sun saba da Sornam yadda take, kada a rikita su, ta je ta ƙara hutawa za a neme ta. Ta mayar da awarwaronta ta fito. Sunanta bai bar jerin sunayen ƙarshen wasa ba, har yau yana nan yana wucewa da gudu, amma ba a neme ta ba.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Wani ya fesa shi a zauren masoyan wasan na waya, wanda Ponni tela take shugabanta, washegari kuwa layin tankar ruwa ya ɗauka. Kanaga tana tsaye da tulunta a tsakiyarsu, ana maganarta kamar ba ta wurin. Ponni ta ɗauki zafi, ta ce wannan sata ce da rana tsaka, an zare wa mace murya daga wuya an sa a akwati, ita kam ta daina kallo, kuma za ta sa duk 'yan zaure su daina. Sarasu mai gidan haya, wadda ba a taɓa kayar da ita a musu ba don ba ta jin na kowa, ta dire tulunta.

"Ke Ponni, rufe mana baki. Kakarki a dutse take niƙan ƙullun wainar idli, ke a inji kike yi. Kin taɓa mayar da idlin kin ce ba ki ci?"

"Ai kuwa na dutse ya fi laushi, Akka, kowa ya sani."

"To je ki sayo dutsen mana, ga hannu nan Allah ya ba ki. Keken ɗinkin naki ma ai allurar wata ya kashe."

"Keke ba ya kwaikwayon hannuna ya ce shi ne ni."

Wata ta tsoma baki ta ce ita abin da ya dame ta shi ne mijin Sornam da ya faɗo daga bene ya manta kowa, shin zai gane matarsa kafin bikin ƙanwarsa ko kuwa. Nan take aka watsar da inji aka koma kan mijin, daga shi aka gangara kan koren sarin da Sornam ta sa shekaranjiya, wanda Ponni ta rantse bakinsa bai dace da rigar ba. Sai da tanka ta kusa ƙarewa Sarasu ta tuna ba a gama musu ba. Ta ce wa Ponni tunda kunnenta ya fi na kowa, ta faɗi ranar da aka yi canjin.

Ponni ba ta yi wata-wata ba. Ta ce ranar da Sornam ta je asibiti duba surukinta, tun a ranar ta ji abin ya mutu, murya ba rai, kuka kamar ana matse tsumma. Ta juyo ga Kanaga tana neman shaida.

Kanaga ta tuna ranar sarai. Ita ce ta yi wannan da bakinta, ana saura kaɗan a yi mata aiki, maƙogwaro na yi mata zafi kamar ta haɗiye barkono, ta yi ta kurɓar ruwan ɗumi tana komawa. Ta duba Ponni, mace mai son ta tsakani da Allah, ta gyaɗa mata kai kawai ta ɗauki tulunta. Da yamma kuma ta ji kukan Sornam yana fita ta tagar Ponni kamar kullum, don an zo wurin biki, wa zai yi yaji a ranar biki.

Musun bai mutu ba, ya zama abin taɓawa a layin idan hira ta yi sanyi. Wasu su ce a hana, wasu su ce zamani ne, wasu su ce su dai a ba su labari mai daɗi ko aljani ne ya karanta. Kanaga ba ta taɓa sa baki ba. Rashin aikin ya yi mata ciwo, amma ba shi ne ya hana ta barci ba. Abin da take so ta sani guda ɗaya ne, ko a cikin duk shekarun nan akwai wani abu nata a muryar nan wanda ba ya kwafuwa. Idan akwai, mutum ɗaya ce za ta sani. Ta fara gaya wa kanta cewa Amma ta gane tun ranar farko, kawaici take yi, tana jira 'yarta ta zo ta faɗa da bakinta. Ta riƙe wannan tunanin har ya zame mata abinci.

Da bikin girbi na Pongal ya matso ta hau jirgin ƙasa ta tafi gida, da niyyar ta faɗi komai. Ta tarar an shafe gidan da farar ƙasa, matar Sudalai ta yi zanen garin shinkafa a ƙofa, ga rake a jingine. Alamelu tana zaune a baranda tana tsince wake da yatsu.

"Amma," in ji Kanaga.

Tsohuwar ta karkata kai. "Wace ce? Idan matar Sudalai kike nema tana baya."

Sai da Kanaga ta durƙusa ta kamo hannunta ta ɗora a fuskarta. Yatsun suka bi goshi, suka bi hanci, suka tsaya a tabon da ta samu tun tana yarinya, sannan tsohuwar ta rungume ta tana faɗa, wai me ya sa ba ta ce tana tafe ba. Da ta ji muryar sosai sai ta ce iskar jirgi ce, kullum tana hana ta zama a bakin taga ba ta ji. Ta sa aka tafasa masoro. Kanaga ta ja gefen sarinta ta rufe tabon wuyanta, ko da yake ba mai ganinsa.

Yini guda tana neman bakin zaren. An dafa shinkafar biki, an ci, baƙi sun shigo sun fita, kowa na so ya gaisa da Sornam. Tsohuwa kuwa baki har kunne. Ta gaya wa maƙwabta cewa ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin ta watannin nan ba. Da can, in ji ta, kullum da abin da za ta jiyo, yau mura, gobe gajiya, jibi ɓacin rai, ta kwana tana juyi. Amma tun jim kaɗan bayan ruwan bara 'yarta ko tari ba ta yi ba. Ta ce har alkawari ta cika a gidan bauta saboda haka. Sudalai ya sunkuyar da kai ya fita duba shanu.

Kanaga ta zauna tana lissafi. Watannin da ta yi kwance da yankakken wuya, da ranar da ta fito daga situdiyo ta zauna a tashar bas ta kasa hawa, duk a lokacin uwarta tana barci da daɗi, don an gaya mata ƙarya da muryar da ta ce ba a iya yi mata ƙarya da ita. Kuma ita Kanaga da kanta ta ba da izini.

Rana ta faɗi, baƙi suka watse, aka bar su su biyu a tsakar ɗaki. Kanaga ta matso kusa har gwiwarsu na taɓa juna. Ta kurɓi ruwan masoro, ta ja numfashi.

"Amma, akwai maganar da na zo da ita. Tun bara nake so in..."

Daidai nan kiɗan buɗe wasa ya tashi daga gidan maƙwabta. Tsohuwar ta zabura ta laluba ta kunna nasu, ta gyara zama a tabarma, ta juya kunnenta na dama. Sornam ta bayyana cikin koren sari tana roƙon mijin da ya manta ta, murya garau, mai taushi, irin wadda Kanaga take da ita kafin a taɓa mata wuya.

"Amma, ki saurare ni."

Alamelu ta miƙo hannu ta dafa mata gwiwa, a hankali, yadda ake lallashin yaro.

"Yi shiru tukuna, 'yar nan. Bari in ji yadda kike yau."

Kanaga ta juya gare ta. Tana kallon fuskar uwarta, goshin a tattare, leɓe na motsi kaɗan, tana bin kowace kalma. Aka zo wurin kuka, 'yar sarƙewar nan ta zo a inda take zuwa, Sornam ta fashe da kuka mai kyau. Sai goshin tsohuwar ya saki, ta sauke ajiyar zuciya ta jingina da bango.

"Lafiyarki ƙalau," ta ce. "To, me kike cewa ɗazu?"

Hawaye na bin kuncin Kanaga, amma ta san sana'arta, ta san yadda ake riƙe numfashi kada makirfo ya ji. Ta ɗaga hannu za ta share fuska, ta tuna awarwaro zai yi ƙara, sai ta mayar da hannun kan cinyarta.

"Ba komai, Amma," ta ce. "Cewa zan yi shinkafar ta yi daɗi."